Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Jawabin Ma'aji A Kan Neman Kuɗi Da Zama Da Masu Taimako

Wannan shi ne jawabin da ma'ajin reshenmu na Dakwaro ya yi a gaban wakilan rugage da ƴan kasuwar dabbobi a wurin taron kaka. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, domin sauran rassa su karanta su amfana.



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu sarakuna da ardo-ardo, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, ƴan uwana makiyaya, dillalai da fataken shanu, ina yi muku barka da zuwa. Na san a cikinku akwai wanda ya baro dabbobinsa a hannun yara, akwai wanda ya kwana a hanya tun daga Barmo da kwarin Tarka. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba ya umurce ni da in yi magana a kan kuɗi, watau yadda ƙungiya irin tamu take neman su, da yadda take zama da masu ba ta taimako. Kun san ni, karatuna bai wuce aji shida ba. Abin da zan faɗa muku na koye shi ne a bakin aljihun ƙungiya, wani da daɗi, wani da wuya. In na yi kuskure, manya suna nan, sai su gyara mini.

Zan soma da abin da kowa ya sani. A wurinmu akwai habbanaye. Mutum yana da shanu, ɗan uwansa ya rasa, sai ya ware karsana ya ba shi. Ta zauna a hannunsa, ya sha nono, ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ƴaƴan su zama nasa, sa'an nan ya mai da uwar ga mai ita. To ina tambayarku, wa ake ba habbanaye? Ana ba wanda aka ga yana tashi da asuba, wanda ko akuya biyu gare shi an ga yadda yake riƙonsu. Kuma wanda aka ba, in saniyar ta yi ciwo ba ya ɓoyewa, yakan aika a gaya wa mai ita tun da wuri. Ba ya sayar da ita don wata bukata ta taso masa, ko da bukatar ta gaskiya ce. Jama'a, kuɗin masu taimako haka suke. Duk abin da zan faɗa yau bai wuce wannan ba.

Mai taimako baƙo ne

Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga motocin agaji sun zo sun tafi. Mu kuma mun ga 2005, mun ga 2010. A shekarun nan ma mun ga abin da ya kamata ya buɗe mana ido. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da taimako mai yawa da suke ba ƙasar nan. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta tsai da taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, kuma kafin shekarar ta ƙare an rufe hukumarta ta USAID, wadda ta yi shekara fiye da 60 tana aiki. Ayyuka da yawa sun tsaya a tsakiyar hanya, ma'aikata sun koma gida. Ba wanda ya zo ya tambayi makiyayin Gadabeji ra'ayinsa kafin a yanke wannan shawara, kuma ba laifin da ya yi. Abin da ke nan shi ne, mai taimako yana da nasa shugabanni da nasa siyasa, ranar da aka ce ya naɗe tabarmarsa zai naɗe.

Ban faɗi haka don mu raina taimako ba. Rijiyar siminti mai zurfin gaba ashirin ko talatin ta fi ƙarfin aljihunmu, haka ma wurin yi wa shanu riga-kafi. Muna bukatarsu, muna kuma gode musu. Amma ƙungiyar da ba ta da ko dala tata, ranar da baƙo ya tafi ita ma ta mutu. Mun ga irinsu, allo a bakin hanya ya yi tsatsa, ƙofa da kwaɗo.

Mu soma da aljihunmu

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin mu rubuta wa kowa takarda, mu dubi abin da za mu iya tarawa da kanmu. Bari in yi muku lissafi na misali. A ce muna da mutum 600 masu katin ƙungiya, kowa ya ba da jika biyu a shekara. Jika biyu ba su kai kuɗin ɗan akuya ba. Amma in an haɗa, sefa 1,200,000 ke nan. Sa'an nan ku ƴan uwanmu na kasuwa, a ce kun yarda a kan kowace saniya da aka sayar a ajiye dala ashirin, watau sefa 100, kuma a ce ana sayar da 200 ranar kasuwa. Jika ashirin ke nan a mako, a shekara ya haura miliyan ɗaya. Ba mu roƙi kowa ba, mun riga mun sami abin biyan mai gadi, da man babur, da kuɗin waya, har da na soma sayen dusa.

Sai dai a kula da abu uku. Na ɗaya, lokaci. Kada a bi makiyayi da littafin karo-karo a cikin bazara, sa'ad da saniyarsa ta rame, farashinta ya faɗi, hatsi ya hau. A bi shi da kaka, dabba ta yi ƙiba, ko kuwa gabanin Layya da raguna ke da daraja. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya ba da ɗan akuya, a sayar a gaban shaidu, a rubuta abin da aka samu. Na biyu, abin da za a karɓa a kasuwa ya zama da yardar shugabannin dillalai da fatake, da sanin hukuma, kada a gauraya shi da harajin da hukuma ke karɓa, kada kuma a tilasta wa kowa. Na uku, duk wanda ya ba da ko dala biyar a yanka masa rasit nan take, rabi a hannunsa, rabi a littafi.

Kada mu manta da iyayenmu mata. Kuɗin nono da man shanu da cuku a hannunsu suke, kuma a iya sanina adashinsu ya fi namu tsari nesa ba kusa ba. In muna son gudunmawarsu, to mu ba su kujera a kwamitin kuɗi. Haka ƴaƴanmu da ke nema a Yamai, da Kano, da Legas, da Abijan. Yanzu aika kuɗi ba wuya. Amma yaro ba ya aiko da guminsa sau biyu in bai ji inda na farko ya shiga ba. A riƙa aika musu da labari da hoto ta waya, su ga abin da kuɗinsu ya yi.

Wannan kuɗi namu yana da amfani na biyu. Kusan duk mai taimako da na taɓa zama da shi, tambayar da yake yi ita ce, ku me kuka kawo? In ka ce ba komai, sai fuskarsa ta canza. In ka buɗe littafi ka nuna masa shekara uku a jere mutanenka suna biya, to magana ta zama ta abokan aiki. Kuma ba kuɗi kaɗai ne gudunmawa ba. Yashi da tsakuwa da muka ɗebo da amalanke, ruwan da muka jawo, kwanakin da samari suka yi suna aiki, duk a ƙiyasta su da kuɗi a rubuta.

Abin da ya same mu a 2010

Yanzu zan ba ku labarin da ba na jin daɗin bayarwa. Dattawan da ke nan sun san shi, amma matasa ba su sani ba, kuma gara su ji daga bakina.

A lokacin ina mataimakin ma'aji. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ba mu kuɗin gyaran wata tsohuwar rijiya, kashi na farko ya shigo, aka ce in aiki ya kai rabi za a turo na biyu. Daminar 2009 ba ta yi kyau ba, ciyawa ta ƙare tun rani bai yi nisa ba. Da bazara ta kama, shanu suka soma kwantawa, sai an taru an ɗaga su da itace. Mutane suka cika ƙofar ofis. Suna cewa, kuna da kuɗi a banki, dabbobinmu suna mutuwa, rijiyar me za a gyara in babu mai shan ruwan? Muka zauna mu uku da dare, muka yanke shawara, muka ciro rabin kuɗin muka sayi dusa. Wallahi ko dala ba ta shiga aljihun ɗayanmu ba. Dusar ta ceci shanu, wasu jikokinsu suna cikin garkunanku yau.

Amma mun yi kuskure biyu. Ba mu gaya wa masu kuɗin ba, muka ce in an sami sauƙi ma yi bayani. Kuma saboda gaggawa mun sayi dusar a hannun wani ɗan kasuwa ba tare da ya rubuta mana ko takarda ɗaya ba. Bayan damina sai ga mai binciken kuɗi. Ya dubi rijiya, aiki bai kai inda ya kamata ba. Ya nemi takardu, babu. Muka rantse, muka kawo shaidu. Ya ce shi bai ƙaryata mu ba, amma rantsuwa ba ta shiga cikin rahoto, shi ma akwai waɗanda za su tambaye shi. Matar da ke kula da aikinmu a wurinsu ta gaya mini abin da har yau yake ci mini rai. Ta ce da mun buga mata waya a makon nan, da ta nemi izini an juya kuɗin zuwa abincin dabbobi, domin a shekarar sun yi wa wasu haka.

Ƙarshenta kashi na biyu bai zo ba. Muka yi karo-karo muka mai da abin da muka taɓa. Rijiyar ta daɗe a yadda take, mata suna tafiya mai nisa da jakuna. Abin da ya fi wannan ciwo, magana ta bazu cikin rugage cewa kwamiti ya cinye kuɗin rijiya. Mutane da yawa suka daina biyan kuɗin kati. Tsohon ma'ajinmu, mutumin kirki, ya ajiye aiki saboda kunya. Mun fi shekara biyar kafin mu wanke sunanmu.

To ga darasin. Kuɗin da aka bayar don abu kaza, na abu kaza ne. In hali ya canza, ɗauki waya, faɗi gaskiya, nemi izini, kuma kada ka taɓa sai izinin ya zo a rubuce, ko da saƙon waya ne. Kuma da a ce muna da asusunmu na kanmu a wannan shekara, da ba mu kai hannu ga na amana ba.

Takardu da littafi

Kafin ka je neman taimako, gyara gidanka. Ƙungiya ta kasance da takardar izini ta hukuma, da dokokinta a rubuce, da sunayen shugabannin da aka zaɓa da ranar da aka zaɓe su. Rahoton da hukuma ke nema duk shekara a kai shi kan lokaci. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, kada ya kasance da sunan shugaba ko ma'aji, kuma kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum biyu daga cikin uku. Mutanen nan kada su zama wa da ƙane, ko suruki da surukinsa. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare su.

Littafin kuɗi ba ya bukatar mai digiri. Layi biyar ne, kwanan wata, abin da aka yi, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A rubuta a ranar, kada a bari sai ƙarshen wata. Kowane mai taimako a ware masa nasa littafi, kada a zuba nonon saniya biyu a ƙwarya ɗaya sa'an nan a ce za a rarrabe.

Akwai wani tarko da ya sha kama mu, ina so marubutan rassa su saurara da kyau. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa take ƙirga. Mai amalanke ya ce an biya shi ɗari biyu, yana nufin dala 200, watau jika ɗaya. Yaro ya rubuta 200. A takarda an rasa sefa 800, alhali ba wanda ya ci. In irin wannan ya taru sau hamsin, ma'aji ya zama ɓarawo yana barci. Saboda haka duk abin da za a rubuta, a rubuta da sefa. In an tsallaka Jibiya ko Illela an yi sayayya da naira, a rubuta canjin wannan rana a bayan rasit. In mai taimako ya yi muku alkawari da kuɗin Turai, watau yuro, lissafinsa a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kusan 656. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka, sai a tambaya tun farko wane canji za a bi.

A kasuwanninmu ba kowa ke da rasit ba. Sai ku tafi da naku littafin. Ku rubuta sunan mai kaya, da abin da aka saya, da kuɗin, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa nasu. Sa'an nan a ɗauki hoton takardar da waya, domin gara da ruwan sama ba su san amana ba.

Yadda ake roƙo

Ba kowace ƙofa ake ƙwanƙwasawa ba. Kowane mai taimako yana da abin da yake ba da kuɗi dominsa, wani ruwa, wani lafiyar dabbobi, wani karatun yara, wani sasanta manoma da makiyaya. Ka bincika kafin ka je. Wanda ya kai raƙumi layin tumaki ya ɓata wa kansa rana. Ku sani kuma manyan kuɗi ba su biyowa ta hannun ƙananan ƙungiyoyi kai tsaye. Shirin PRAPS na Bankin Duniya, wanda aka soma a 2015 don taimakon kiwo a ƙasashe shida, Nijar, Burkina Faso, Mali, Cadi, Muritaniya da Senegal, ta hannun gwamnatoci yake bi. Saboda haka hanyarmu ita ce ofishin ma'aikatar kiwo, da ofishin ƙaramar hukuma, mu tabbata an sa bukatunmu cikin tsarin ayyukansu. Hanya ta biyu ita ce manyan ƙungiyoyin makiyaya da suka riga mu, irin su AREN da aka kafa a 1990, da haɗakar Billital Maroobe da ta haɗa makiyayan ƙasashen yankin nan tun 2003. Su ne ake kira taro, su ne ke fara jin labari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2026 ta zama shekarar makiyaya da filayen kiwo. Wannan ba kuɗi ba ne a hannu, amma dalili ne na a saurare mu, ga wanda takardunsa suke a shirye.

In za ka rubuta takardar neman taimako, amsa tambaya shida, kuma ka amsa su gajeru. Mene ne matsalar? Mutum nawa da dabba nawa ta shafa? Me kuke so ku yi, a ina, cikin wata nawa? Nawa zai ci? Ku me za ku kawo? In an gama, wa zai riƙe abin, da wane kuɗi? Ta ƙarshen nan ita ce ke kayar da yawancinmu. Famfo nawa muka gani a daji an kafa da biki, ƙarfe ɗaya ya karye, shi ke nan?

Kada a ƙara gishiri a lissafi. Na san halinmu, makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, in an zo haraji su ragu, in an zo rabo su ƙaru. Amma masu taimako suna magana da junansu, suna kuma da takardun riga-kafi na ma'aikatar kiwo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In ruga 40 ce, a ce 40.

A kasafin kuɗi kada a manta da ƙananan abubuwa, kuɗin mota, ƴan dako, buhu, mai gadi, man babur, kuɗin da banki ke cirewa. In ba ka rubuta su ba, daga baya za ka rasa inda za ka ɗauko, sai ka soma lanƙwasa rasit, daga nan ɓarna ke farawa. Faɗa wa mai taimako gaskiya cewa aiki yana da ɗawainiya, ka tambaye shi nawa dokarsu ta yarda a sa.

A kula da lokaci. Takardunsu suna daɗewa, wata shida ba komai ba ne a wurinsu. Wanda yake son dusa da anguriya su iso a watan Maris, tun kaka zai kai takardarsa. Abincin dabbobin da ya iso bayan ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, ya zama abincin ɓera. Ku bayyana musu kalandar makiyayi, domin da yawansu ba su san ta ba.

In aikin rijiya ne ko shata burtali, kada a soma sai an zauna da masu wurin da kwamitin kula da filaye, an sami yarda a rubuce. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta watan Mayu 2010 sun san haƙƙin makiyayi a mazauninsa. Rijiyar da aka haƙa ba da shawara ba, rigima take jawowa, kuma mai taimako in ya ji rigima gudu yake yi.

Bayan kuɗi sun shigo

A nan ne da yawa suke sakin jiki. Kafin a samu, kullum muna ƙofar ofishinsu. Da an samu, sai a yi ɗif kamar an shiga rijiya. Wannan ba hali ba ne. Ranar da kuɗi suka shigo a sanar da su, a yi godiya. Takardar yarjejeniya a sa wanda ya iya faransanci ya karanta ta layi-layi a gaban kwamiti, a fassara da Hausa da Fulatanci da Tamashek in akwai masu jinsa, kowa ya san ranar rahoto da abin da aka hana. Rahoto ya isa kafin ranarsa. Tsakanin rahoto da rahoto a riƙa aika ɗan labari, ko hoto ɗaya da layi biyu.

Labari marar daɗi ya riga mai daɗi isa. Ɗan kwangila ya gudu, siminti ya hau, hanya ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, faɗa musu a makon. In sun zo ziyara kada a yi musu wasan kwaikwayo, kada a aro shanun maƙwabta, kada a koya wa mata abin da za su faɗa. A kai su inda aiki ya yi kyau, a kai su inda ya lalace, a bar su su yi magana da wanda suka ga dama. Mutumin da ka nuna wa aibinka da kanka, shi ne zai tsaya maka a ofishinsu ranar da ba ka nan. Ma'aikatansu kuma suna canzawa, yau wannan gobe wancan, don haka kowace magana a ajiye ta a rubuce. In aiki ya ƙare, zumunci kada ya ƙare. Bayan shekara a aika musu da hoton rijiyar tana aiki.

Akwai kuɗin da ba a karɓa

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani zai zo da kuɗi ya ce ku yi abin da ba shi ne damuwarku ba, ko abin da zai haɗa ku faɗa da maƙwabtanku manoma, ko ya ce ku tara masa jama'a ranar siyasa. A yi masa godiya a sallame shi. Wani zai ce zai rubuta muku takarda ya samo muku miliyoyi, amma ku fara ba shi wani abu, ko ku ba shi kashi kaza in sun fito. Mai taimako na gaskiya ba ya karɓar kuɗi kafin ya duba takarda. In kuna bukatar marubuci, ku yi ciniki da shi a fili, ku biya shi ladan aikinsa daga aljihunku, ku karɓi rasit.

Sai maganar kuɗin zama, wanda ake rabawa a wurin taro. Ya ɓata mu. Yau in an kira taro, tambayar farko ita ce nawa za a bayar. Har an sami masu sana'ar zuwa taro, fuska ɗaya a kowane zaure, ba su taɓa komawa ruga sun faɗi abin da suka koyo ba. Shawarata ita ce a riƙa juya masu zuwa, kuma duk wanda ya je ya dawo ya yi bayani a gaban jama'a.

Kada kuma mu rataya duka kayanmu a kan jaki ɗaya. Ko ƙanana ne, masu taimako biyu ko uku sun fi babba ɗaya. Kuma in an ba mu zaɓi, mu zaɓi abin da zai juya. Rumbun abincin dabbobi misali ne, a saya da kaka yana da araha, a sayar da bazara da ƴar riba kaɗan ƙasa da farashin kasuwa, a mai da kuɗin asusu a sake saye. Abin da ke kashe shi ɗaya ne, bashi. Ko ɗan sarki ne ya zo, kuɗi a hannu, buhu a ka. Iyayenmu sarakuna, ku gafarce ni, a nan muna neman ku fara ba da misali.

Masu kuɗin farko

Zan rufe da wannan. Muna rawar jiki mu kai wa baƙo rahoto, amma mutanenmu da suka ba da jika biyu ba mu gaya musu komai. Alhali su ne masu ƙungiya. Ina roƙon taron nan ya amince, sau biyu a shekara a karanta lissafi da babbar murya a gaban jama'a, da harshen da suke ji, a liƙa kwafinsa a ƙofar ofis da kuma kasuwar dabbobi. A zaɓi mutum uku da ba sa cikin kwamiti, a cikinsu da mace, su riƙa buɗe littafina duk ranar da suka so ba tare da sun gaya mini za su zo ba. Ni da kaina nake neman haka, domin na ga abin da zato ya yi wa wanda na gada.

Littafin karo-karo na bana yana nan a bakin rumfa, da rasit. Na riga na biya nawa, lamba ta ɗaya, kowa yana iya dubawa. Wakilan rugage, kowa ya karɓi littafin yankinsa kafin ya tafi, mu haɗu da su a cike kafin dabbobi su gangara kudu.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya dabbobinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu fi ƙarfin amanar da aka ba mu.